Digiri ta intanet daga Maigatari: Abubuwan da ya kamata ka sani

Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis a 'yan shekarun nan ya ga yadda waya ta kutsa cikin ciniki. Dillali zai tsaya a kara, ya ɗauki bidiyon bijimi gaba da baya, ya tura wa mai saye a Legas ko Fatakwal ta WhatsApp. A taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Kuɗi ya faɗo asusu, a loda dabba a tirela, alhali mai saye bai taka ƙasar Gumel ba. Mutanenmu sun amince wa waya da dukiya ta miliyoyi. Amma ka ce musu da wannan wayar ana yin karatun digiri, har a ba mutum takardar da gwamnati ta yarda da ita, sai ka ga an yi shiru ana dubanka.

Shakkar tana da dalili, domin an sha damfarar mutane da takardun bogi. Sai dai garin gudun damfara, akwai ɗimbin mutane a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da ke zaune da NCE ko difloma shekara goma, shekara goma sha biyar, suna jiran ranar da za su sami sukunin komawa makaranta. Ranar kuwa ba ta zuwa. Su nake nufi da wannan bayani.

## Yaya karatun yake tafiya?

Za ka cike fom ta intanet, a ba ka gurbi, a buɗe maka shafinka na ɗalibi mai lambar sirri. A nan za ka biya kuɗi, ka zaɓi darussan zango, ka sauke littattafan da aka rubuta musamman domin mai karatu shi kaɗai. Malami kan yi lacca kai tsaye ta bidiyo a lokacin da aka tsara, galibi kuma ana naɗar laccar saboda wanda bai samu halarta ba ya kalla daga baya. A tsakiyar zango akwai ayyukan gwaji da ake amsawa ta waya ko kwamfuta. A jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, waɗannan ayyuka su ke ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshen zango ta ɗauki 70.

Ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba: a jami'o'in gwamnati, galibi jarrabawa sai ka je da ƙafarka. Za a duba katinka, a duba fuskarka, ka zauna gaban mai sa ido kamar kowane ɗalibi. Saboda haka kalmar "daga gida" ba ta nufin ba za ka taɓa shiga mota ba. Tana nufin tafiyar da da za ta cinye shekara huɗu ta koma 'yan makonni a kowace shekara.

## Ba yau aka fara ba

Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga ɗaliban da ba sa zaune a harabarta. A zamanin Turawa da farkon 'yancin kai, malamai da akawu da dama a Nijeriya ta gidan waya suka yi karatu: a aiko da darasi cikin ambulan daga Ingila, mutum ya amsa a gaban fitilar ƙwai, ya mayar, ya jira makonni kafin a dawo masa da gyara. A nan Arewa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, ta ɗaga dubban malaman firamare zuwa matakin NCE ta hanyar littattafai da haɗuwar ƙarshen mako. Da wuya ka shiga makarantar firamare a ƙauyukanmu ba ka tarar da wanda ya bi ta wannan hanya ba.

Ita NOUN an kafa ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ta yi kwanan shekara goma sha takwas, sai a 2002 Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita. Shi kansa daga baya ya zama ɗalibinta, har ya kai ga digirin digirgir bayan ya sauka daga mulki. Daga 2016 zuwa 2021 ɗan Kano ne ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu.

Ni a ganina Bahaushe bai kamata ya ɗauki abin baƙo ba. Mutanen da suka haddace tafsiri da hadisi daga rediyo da kaset, suka san muryar malamin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, sun daɗe da sanin cewa ilimi na iya zuwa ya iske mutum a zaure.

## Su wa ke bayarwa?

NOUN tana da cibiyar karatu a Dutse, tana da su a Kano, kuma ana ƙara buɗe wasu, don haka ka tambayi wadda ta fi kusa da kai kafin ka zaɓa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da digiri a fannoni irin su tafiyar da kasuwanci, aikin gwamnati, tattalin arziki da aikin jinya, da kuma difloma ta gaba da digiri a fannin koyarwa. Jami'ar Maiduguri ma tana da tata cibiyar. A 2023 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ba wasu jami'o'i masu zaman kansu lasisin koyarwa ta intanet, cikinsu akwai Miva da ke Abuja da Iconic da ke Sakkwato. Na 'yan kasuwa sun fi tsada, galibi kuma shafukansu sun fi sauƙin sarrafawa.

## Fa'idar da ta fi kowace: rayuwa ba ta tsayawa

Ka ɗauki malamin firamare a wani ƙauyen Sule Tankarkar. Ya gama Kwalejin Ilimi ta Gumel, ya sami aiki, ya yi aure, yana da 'ya'ya huɗu da mahaifiya a hannunsa. Da damina yana noma gero da riɗi, domin albashi shi kaɗai ba ya kai wata. Ya san digiri ne zai buɗe masa matakin da NCE ba za ta kai shi ba. A aikin gwamnati mai NCE kan fara daga mataki na 7, mai digiri daga na 8, kuma can gaba akwai tsanin da ba a hawa sai da digiri. Yaran da ya koyar da hannunsa sun je jami'a a Dutse ko Kafin Hausa sun dawo, wasunsu yanzu su ke zuwa duba aikinsa.

Me zai hana shi tafiya? Sai ya nemi hutun karatu, wanda ba kullum ake samu ba. Idan ya samu, makarantar da ke da malamai uku ta koma biyu. Sai ya kama ɗaki a wani gari, ya riƙa ciyar da gida biyu. Gona kuma ba ta san ana lacca ba: ruwa ya sauka, shuka ba ta jiran a gama zango. Wannan shi ne lissafin da ke hana dubban mutane motsi, ba ƙarancin basira ba, ba kuma lalaci ba.

Karatu ta intanet ya zo ne ya warware wannan ƙulli. Malamin zai shiga aji da safe, ya leƙa gona da la'asar, bayan isha'i ya zauna da darasi awa ɗaya ko biyu. Da NCE ɗinsa ba zai fara daga tushe ba, ana iya ɗaukarsa kai tsaye a aji biyu. Albashi yana shigowa, rumbu yana cika, yara suna ganin ubansu. Akwai ma wata riba da ɗalibin da ke haraba ba ya samu: abin da ya karanta daren Litinin game da yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi, safiyar Talata zai gwada shi a kan yara sittin. Ilimin da aka gwada da ɗumi-ɗuminsa ba ya saurin gudu daga kai.

Haka abin yake ga ma'aikacin lafiya a asibitin karkara da ba shi da mai canjinsa, da jami'in kwastan ko na shige da fice da aka turo bakin iyaka, wanda gobe za a iya ɗauke shi zuwa Illela ko Jibiya. Duk inda aka mayar da shi, makarantarsa tana aljihu, cibiyar jarrabawa kawai zai sauya.

Ɗan kasuwa kuma nasa dalilin daban ne. Matashin da ke tara riɗi da zoborodo a kasuwannin yankin nan, ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa kamfani, kamfanin ya fitar waje, yakan tsaya a matakin farko saboda bai iya rubuta yarjejeniya ba, bai san takardun fitar da kaya ba, bai iya tsara lissafin da banki zai duba ya ba shi rance ba. Mun ga abin da rufe iyaka ya yi wa garin nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sake gani a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Wanda duk abincinsa ya rataya a kan ƙofa ɗaya ya sha wuya. Karatun kasuwanci ko lissafin kuɗi ba zai buɗe iyaka ba, amma yana ba mutum ƙofa ta biyu, kuma ba sai ya rufe rumfa ya je nemo ta ba.

## Mata

A nan ne abin ya fi taɓa ni. Kowa ya san yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, ta fito da sakamako mai kyau, aka yi mata aure da alkawarin za ta ci gaba. Galibi ba mugunta ce ke karya alkawarin ba. Ciki ne, goyo ne, nisa ne, da kuma tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: wa zai riƙe gida, a ina za ta zauna a can, me dangi za su ce? Miji na iya kasancewa mai son karatun matarsa da zuciya ɗaya, amma ya kasa yarda ta tare a ɗakin kwanan ɗalibai a wani gari wata huɗu.

Idan aka ce karatun a ɗakinta za ta yi, fita kuwa sai lokacin jarrabawa, har ma shi zai iya raka ta, gardamar takan mutu da kanta. Mai jego ba ta rasa shekara ba, sai dai ta rage yawan darussan wannan zango, ta ƙara a na gaba. Yankinmu kuwa yana kukan ƙarancin malamai mata a makarantun 'yan mata da ma'aikatan lafiya mata a asibitoci. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'yarsu a makaranta idan mace ce ke koyar da ita.

Sai dai in yi wa maigida magana. Cewa "na yarda" bai wadatar ba. Matar da ta wuni tana girki da wanki da raino ba za ta fahimci darasin ƙididdiga ƙarfe sha ɗaya na dare ba. Idan ka yarda, ka saya mata data, ka samar mata awa biyu da ba mai kiran sunanta, ko da kai ne za ka fita da yaran ƙofar gida.

## Lissafin kuɗi

Kada a ruɗe ka, ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin rajistar zango, akwai na kowane darasi, akwai na kowace jarrabawa, ga data, ga kuɗin motar zuwa cibiya da na masauki idan jarrabawar ta ɗauki kwanaki. A farkon 2025 an amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, ɗalibin intanet kuwa shi ya fara jin wannan a jikinsa.

Inda ake samun sauƙin shi ne abin da ba za ka kashe ba. Babu kuɗin haya, babu tukunya ta biyu, babu zirga-zirgar kowane mako. Daga Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Sannan biyan ba a dunƙule yake ba. Kana iya daidaita yawan darussanka da ƙarfin aljihunka, ka ɗauki kaɗan lokacin da hannu ya bushe, ka ƙara bayan kaka idan an sayar da amfani. Babbar riba dai ita ce albashi ko cinikin shekara huɗu da ba ka yi asararsa ba.

## Gurbi da yajin aiki

Kusan mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB a kowace shekara yanzu, guraben kuwa ba su isa ba. Jigawa ta samu ƙarin jami'o'i, ta tarayya a Dutse a 2011, ta Sule Lamido a Kafin Hausa a 2013, sai ta fasaha a Babura, duk da haka ana barin masu cancanta a waje. NOUN kuwa ba ta neman makin JAMB. Abin da take nema shi ne kiredit biyar da suka dace da fannin, har da Turanci da Lissafi.

Haka nan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ba ya rufe ta. A 2020 ɗaliban jami'o'in tarayya sun zauna a gida wata tara, a 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai shekara arba'in ba shi da irin wannan lokaci na zubarwa.

## Takardar tana da daraja kuwa?

Idan jami'ar tana da lasisin NUC, kuma fannin da ka karanta an tantance shi, digirinka digiri ne. Ana ƙarin girma da shi, ana neman digiri na biyu da shi. Ka lura, abu biyu na ambata. Jami'a na iya zama halastacciya amma ba a ba ta izinin koyar da wani fanni daga nesa ba. NUC tana wallafa sunayen jami'o'in da ta amince da su a shafinta, takan kuma fitar da sunayen na bogi. Dubawar ba za ta ci maka minti goma ba.

A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, bai shiga aji ba, bai ma tsallaka iyaka ba. Da shigowar Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, matakin ya haɗa har da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Mu da ke bakin iyaka sai mun fi kowa kiyayewa, domin a nan dillalan irin wannan takarda suka fi samun kunnen saurare. Duk wanda ya ce zai kawo maka digiri a wata shida, babu jarrabawa, ka tura kuɗi asusunsa na kansa, to ka riƙe kuɗinka. Jami'ar ƙasar waje kuwa, ko ta gaske ce, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarta kafin ta yi maka amfani a aikin gwamnati. Ka binciki wannan kafin ka biya dala ko ɗaya.

Batun bautar ƙasa ma a san shi tun da wuri. Wanda ya gama digiri yana sama da shekara 30 dama takardar yafewa ake ba shi. Masu karatu daga nesa kuwa, abin da aka saba ba su shi ne takardar da ke nuna an cire su daga shirin, ana kuma karɓarta wurin neman aiki. A Disambar 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran dokar NOUN domin daidaita matsayin ɗalibanta da na sauran jami'o'i, amma idan kai matashi ne mai burin sa kakin nan, ka tambayi jami'ar a rubuce kafin ka shiga. Fannonin da ke da hukumar sana'a a kansu sun fi buƙatar wannan bincike. Waɗanda suka karanta shari'a a NOUN sun shafe shekaru suna jira kafin Makarantar Horas da Lauyoyi ta buɗe musu ƙofa.

## Wuta, sabis da waya

Wutar lantarki a yankin nan ba abin dogaro ba ce, don haka ƙaramar sola ko batirin ajiyar caji na cikin kayan makaranta, kamar biro da littafi. A wasu ƙauyukan bakin iyaka waya kan saki sabis ɗin gida ta kama na Nijar. Dabarar ita ce kada ka rataya karatunka a kan lacca ta kai tsaye. Ranar da ka shigo Gumel ko Maigatari, inda sabis ya fi ƙarfi, ka sauke littattafai da laccocin mako biyu ka tafi da su. Littattafan NOUN a buɗe suke a shafinta, ko wanda bai yi rajista ba yana iya saukewa, saboda haka kana iya ɗanɗana karatun kafin ka kashe sisi.

Waya za ta iya kai ka wani wuri, amma karanta shafi ɗari uku a kanta azaba ce ga ido. Wanda ya samu hali ya nemi kwamfutar cinya ko da ta hannu ce, wanda bai samu ba ya buga muhimman darussa a takarda. Ka kuma koyi sarrafa kwamfuta tun kafin ranar jarrabawa, domin jarrabawar azuzuwan farko a kanta ake yi.

## Wanda bai kamata ya bi wannan hanya ba

Likitanci ba ya koyuwa ta waya. Digirin jinya da ake yi daga nesa an tsara shi ne domin waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan jinya masu rajista, kuma akwai aikin asibiti a ciki. Ɗalibin koyarwa sai ya yi gwajin koyarwa a makaranta, na kimiyya sai ya shiga ɗakin gwaje-gwaje.

Yaro ɗan shekara goma sha takwas da ya samu gurbi a Dutse ko Kano ko Zariya, kuma iyayensa za su iya ɗaukar nauyi, ni dai shawarata ya tafi. Zama da Bayarabe da Ibo da Babarbare a ɗaki ɗaya, yin muhawara da malami ido da ido, koyon riƙe kai nesa da gida, duk karatu ne da ba ya saukuwa ta data. Ba banza aka ce tafiya mabuɗin ilimi ba.

Ga babba kuma, abokin gabarsa shi ne kansa. Babu ƙararrawa, babu mai kiran suna, babu wanda zai lura ka yi wata guda ba ka buɗe littafi ba. Da yawa sukan yi rajista da zafi, zango biyu su ɓace. Wasu kuma sukan miƙa lambar sirrinsu ga yaron shagon kwamfuta ya amsa musu ayyukan gwaji a kan 'yan kuɗi. Wannan na ƙona mini rai, musamman idan malamin makaranta ne ya yi. Maki 30 ɗin zai samu, amma ranar jarrabawa shi kaɗai zai zauna, ranar da ya koma aji kuma yaran ƙauyensu ne za su biya bashin abin da bai karanta ba.

Abin da na ga yana riƙe mutane shi ne tsayayyen lokaci da abokan tafiya. Bayan asuba kafin gari ya waye ya fi dare albarka ga mai iyali. Idan ku uku ne ko huɗu a gari ɗaya kuna fanni ɗaya, ku sa rana guda a mako, ku haɗu a wani aji na firamare bayan an tashi yara, kowa ya zo da abin da ya shige masa duhu. Lokacin jarrabawa ku haɗa kuɗin mota da na masauki. A Maigatari dai kada ku sa Alhamis, ba wanda zai zo.